Jigona da Irin Albasar Inna Dudu

Kwana talatin da takwas na yi ina aiki a madatsar Kainji, duk a ɗaukar kwanon kankare, har ranar da na juye kwanon a ƙafar heluma, shugaban leburori, aka sallame ni. Amma da na dawo Yelwa na koma rumfata ta gyaran keke, sai kwanakin suka fara ƙaruwa da kansu. Watan farko suka zama wata shida. Kafin a toshe kogin Kwara ruwa ya fara taruwa na riga na shekara uku a can, kuma babu ƙofar ruwan da aka kafa ba a nemi shawarata ba. Sunana Sahabi. Injiniya kuwa ni na raɗa wa kaina, mutane suka karɓa hannu bibbiyu, ban gane dalilin saurin karɓar ba sai daga baya.

Matata Rahamatu 'yar Gungawa ce, mutanen tsibiran tsakiyar gulbi. Da tafki ya cika ya haɗiye gungunsu, aka kwaso su aka zuba a sabon ƙauye a bakin ruwa, kudu da Yelwa, cikin gidajen siminti masu zafi kamar tanda. Mahaifinta bai ga ƙaurar ba, Allah ya yi masa rasuwa ana saura wata biyu. Uwarta, Inna Dudu, ta fito da tabarmarta da tukwanenta da wani ɗan gora da aka toshe bakinsa da tsumma. Irin albasa ne a ciki, jar albasar gidansu tun kakanni, wadda ake rataye ta har damina ta wuce ba ta ruɓe ba. Maƙwabta wasu nasu ya jiƙe a jirgi ranar tashi, wasu sun koma sayen na kasuwa. Abin da ke cikin goran nan shi kaɗai ya rage.

An ba ta fili a bakin tafki, amma gwiwoyinta sun ƙi, ɗanta Basiru kuma ya bi masunta ya yi nisa. Ana cikin tunanin wa zai yi lambun sai na miƙe na gyara hula.

Na ce ai abin da ya hana Gungawa arziki ƙwarya ce. Mutum ya yini a duƙe, ya kamfato ruwa, ya tako, ya watsa wa albasa, ya koma, kamar wanda aka yi wa horo. Na ce ni jigon ban ruwa zan kafa, mai doguwar sanda da guga, mutum ɗaya ya shayar da fangali sittin kafin hantsi. Gaskiyar magana sau ɗaya na taɓa ganin jigo, shi ma daga saman mota a hanyar Kontagora, motar kuma ba ta tsaya ba.

Inna ba ta magana da ni kai tsaye, surukuta ce, sai dai ta faɗa wa Rahamatu ko da ina zaune a wurin. Ta ce a gaya wa maigidan a yafa rabin irin a bar rabi. Na ce a gaya wa Inna rabi aikin mai shakka ne, ni kuwa da hannuna aka gina ruwan nan. Ta daɗe tana juya goran a cinyarta.

"Ruwan da nis sani ya mutu," ta ce wa Rahamatu. "Wanga sabo, tunda shi yag gina shi, shi yas san halinai. Miƙa mai."

Na karɓa ko kunya ban ji ba. Washegari na yafe shi kaf, har na buga gindin goran a tafin hannu don kada ƙwaya ta maƙale.

Irin ya fito shar, abin sha'awa. Da ya isa dashe na ja fangali sittin cif, na yi shinge na ƙaya. Maƙwabcina a filin wani Bakambare ne daga wajen Ngaski, Yohanna, mutum siriri mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Fangalinsa takwas ne kacal, shi da matarsa Ladi suke bi da ƙwarya. Ranar da nake haƙa ramin gwafar jigo a daidai bakin ruwa, ya jingina da shinge ya tambaye ni ko na tabbata ruwan nan zai tsaya inda yake. Na yi masa dariyar manya. Na ce wannan ba gulbi ba ne mai hawa da sauka, abin da aka toshe da kankare ina za shi?

An ce masu jigo dunƙulen laka suke ɗaura wa gindin sandar don ta rinjayi guga. Ni injiniya ba zan yi harkar laka ba. Na samo siminti na zuba dunƙulen kankare wanda sai da mutum huɗu suka ɗaga, na shafa wa sandar shuɗin fentin keke, na gayyato mai unguwa da dattawan ƙauye su zo su ga yadda ake ban ruwa a zamanin 'yancin kai.

Da ƙyar na janyo gugar ƙasa, sai da na rataya da dukkan nauyina. Ta cika, na saki igiya. Kankaren ya faɗi tim, gugar ta yi sama ta tsinke, ta bi ta kan dattawa ta yi musu wanka, ta sauka cikin barkonon wani mutum can gaba. Na ce wannan gwaji ne. Aka ɗauko guga aka ɗaura. Karo na biyu na yi dabara, na ce ba zan saki igiyar ba. Ban sake ta ba kuwa, ita ma ba ta sake ni ba. Sai ga ni a sama ina lilo bisa ruwa, takalmina ɗaya ya riga ni sauka.

"Injiniya," in ji Yohanna daga ƙasa, "ruwa anka ce jigon shi ɗebo, ko kai?"

"Ƙarhinai nika aunawa."

"Ya ci jarrabawa. Sauko."

"Bari in gama duba ƙarshen tabkin."

"To duba muna da kyau," in ji mai unguwa, "mu za mu sallah."

Suka tafi kuwa. Ladi ce ta ji tausayina ta kira masunta biyu suka ɗaga kankaren, na sauka cikin ruwa har wuya.

Na sa guduma na rage dunƙulen, kuma abin mamaki jigon ya yi aiki. Kwana goma sha tara ina shayar da fangali sittin kafin rana ta yi zafi, sannan in zauna a inuwa ina kallon Yohanna da Ladi suna kai da kawo da ƙwarya, ina ba su shawarwarin da ba su nema ba. Lawashi ya miƙe kore shar. Rahamatu ta kai wa Inna labari, Inna ta aiko mini da busasshen kifi. A rumfar keke kuwa shekaruna na Kainji suka koma biyar.

Rana ta ashirin guga ta dawo da rabin ruwa rabin laka. Ta ashirin da uku ta dawo da laka zalla. Na ga Yohanna kullum da safe yana kafa ɗan kara a bakin ruwa, karan yau gaban na jiya, har sun yi layi. Na tambaye shi me yake shukawa, ya ce gudun dam ɗina yake aunawa.

Daga baya ne na ji cewa da rani ana sakin ruwan don a yi wutar lantarki. Tsohon gulbi in ya ragu, ƙasa yake yi cikin gaɓarsa, ka ƙara tsawon igiya ka same shi. Wannan kuwa a kan shimfiɗaɗɗen fili yake kwance, in ya ragu da taƙi ɗaya sai ya ja baya da taki goma. Duk wanda ya yi aikin gaske a Kainji ya san haka. Mai ɗaukar kwano babu wanda ya gaya masa.

Na ce wa jama'a wannan numfashi ne tafkin yake yi, an tsara shi haka. Na ɗauki shebur na haƙa hanyar ruwa daga sabon bakin tafki zuwa gindin jigo. Ta yi aiki kwana biyu. Kullum in na zo sai in tarar ruwa ya ƙara gaba, in ƙara haƙa, shi ma ya ƙara. Tarwaɗa suka gano hanyar suka shige, matan ƙauye suka gano tarwaɗa, suka zo da kwanduna suka datse mini hanyar gida-gida suna kamu. Na kore su da safe, da la'asar shanun wani Bafillace mai suna Zaidu suka gangaro cin sabuwar ciyawar da ruwa ya bari, suka jera a kan hanyar suka shanye ta, suka tattake abin da ya saura. Zaidu ya zo har shinge ya yi mini godiya, ya ce tun da yake kiwo ba a taɓa yi wa shanunsa mashaya mai tsari irin wannan ba.

Sai na tumɓuke jigon na bi ruwan da shi. Na kafa shi a sabon baki, na ja kwari daga nan zuwa lambu. Abin da ban lura ba shi ne lambun yana tudu, jigon yana gangare. Na yini ina ɗebo ruwan tafki ina zubawa a kwari, yana zagayowa ta bayan ƙafata yana komawa tafki. Yohanna ya tsaya da ƙwaryarsa a kai ya kalle ni, ya ce in na gama wanke ruwan in ajiye masa kaɗan.

A lokacin bazara ta kama sosai, iska kamar daga bakin maƙera. Bakin lawashina ya fara ja. Rahamatu ta zo da saƙo, Inna ta ce ta yi wa mata magana, za su yi gayya da ƙwarya su ceci fangali goma na kusa, sauran a bar wa Allah. Na ji tsoro a ranar, ba zan ɓoye ba, da na dubi lawashin nan. Amma da na tuna bakin da na yi a kan ƙwarya gaban dattawa, sai na ce a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, akwai dabara ta uku.

Dabara ta uku tsohon kwalekwalen Basiru ne da ke kife bayan gida. Na ce in ruwa ba zai zo wurin albasa a ƙasa ba, zai zo a jirgi. Na samo jakai biyu da gungumen giginya, na kai jirgin bakin tafki na cika shi da ruwa fal, aka ɗaura wa jakai. Rabin ƙauye suka fito, don ko tsofaffin Gungawa da aka haifa a jirgi ba su taɓa ganin jirgi a tudu ruwa a cikinsa ba. Masunta suna tambayata wane kifi zan kama a gonar dawa. Jakan suka ja taki ashirin suka tsaya, na tura, suka ja, jirgin yana yoyo ta ko'ina yana bar mana layin danshi a baya. Daf da shinge gungume ɗaya ya zame, cikin jirgin ya tsage. Abin da ya iso lambuna laka ce cikin tafi biyu da kwaɗo ɗaya, shi ma bai zauna ba.

Ranar kasuwa a rumfar mai shayi Yohanna ya kama ni a gaban mutane. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi shi dai abin da ya ɗaure masa kai, mutum ya kafa ƙofofin dam da hannunsa, amma ya tsaya yana kokawa da jakai maimakon ya je ya ce a rufe. Kowa ya juyo yana dubana. Na ce dama gobe nake shirin tafiya.

Na sa rigar sallah na hau keke na nufi kudu. A Wara ƙarfina da ƙaryata suka ƙare tare. Na sauka gidan wani mai sayar da soyayyen kifi na kwana biyu, ina ci ina tunanin abin da zan faɗa. A rana ta biyu na hango hadari ya haɗu can kudu, baƙi ƙirin. Na ce alhamdu lillahi, ruwan sama na tafe, in ya sauka tafki zai motsa, ko bai motsa ba albasa ta sha. Na juyo gida da ƙarfin gwiwa na shaida wa ƙauye cewa mun zauna da manya, ranar Jumma'a bayan la'asar za a rufe ƙofofi, ruwa zai dawo inda yake.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Da na isa lambu na tarar da Rahamatu da mata wajen goma sha biyar, kowace da ƙwarya cike a kai, sun tako tun daga bakin ruwa cikin ranar nan, ba su jira izinina ba. Na tare ƙofar shinge. Na ce babu ƙwaryar da za ta shiga lambun injiniya saura kwana biyar ruwa ya zo da ƙafarsa. Rahamatu ta dube ni, ta ce, "Malam, irin Inna na hwa." Na ce na sani. Suka juya suka zuba wa barkonon mutumin nan na gaba.

Hadarin bai zo ba. Ko iskarsa ba mu ji ba.

Ranar Jumma'a bakin tafki ya cika kamar kasuwa. Waɗanda suka gaskata ni sun zo ganin ruwa, waɗanda ba su gaskata ba sun zo ganina. Masunta kusan goma sun yini suna jan jiragensu zuwa tudu don kada ruwa ya zo ya tafi da su. Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa masa buzu nesa da jigo, ya ce ya yi wankansa tun a gida. Na hau gwafar jigon na kare ido da hannu ina duban kudu. La'asar ta yi, ta wuce. Na ce ruwa mai yawa ne, ba ya gaggawa. Yohanna ya taka a hankali har bakin ruwa, ya kafa karan ranar, taki huɗu gaban na jiya, ya dawo.

Ana cikin haka wani jirgi ya iso daga kudu. Mai tuƙin, wani Jabiru, ya tako cikin laka yana tambayar ina mai gyaran keken Yelwa. Aka nuna masa sama. Ya ɗaga wani abu yana murmushi.

"Ga hularka ta sallah, ka mance ta Wara gidan mai kihi. Ya ce in gaishe ka, tun da yaka sana'a bai ga baƙon da yak kwana biyu bai ɗaga daga gaban kasko ba."

"Kainji nit tahi da ita," na ce daga saman gwafa. "Kan hanyar dawowa nim mance ta."

"Wace Kainji? Ai ni nib bi ka da kekenka har bakin hanyar Yelwa."

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Mai unguwa ya kwanta a buzunsa yana share hawaye. Masuntan da suka ja jirage ba su yi dariya ba, suka tsaya a gindin jigo suna jiran in sauko in mayar musu da su ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ina neman inda zan sa ƙafa sai na ji dariyar tana mutuwa daga baya, tana matsowa.

Inna Dudu ce, tana dogara sanda, Rahamatu na riƙe da hannunta. Tun ƙaura ba ta taka bakin ruwan nan ba. Ba ta dubi jigo ba, ba ta dube ni ba. Ta shiga lambun ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta fara tona fangali da yatsu. Lawashin ya bushe, tana taɓawa yana karyewa. Ta tona ta matsa, ta tona ta matsa, abin da take fitarwa duk ƙanana ne kamar gujiya, sun yamushe. Mutum fiye da ɗari suna tsaye suna kallonta.

Sai a layin ƙarshe, jikin shingen Yohanna, ta sami masu rai. Ƙasar wurin da ɗan danshi. Na dubi Yohanna, ya kau da kai, ya ce shi hannunsa ba shi da saiti, in ya watsa ruwa wani yakan tsallake shinge. Guda goma sha ɗaya ta tono. Ta ƙulle su a bakin zanenta, Rahamatu ta ɗaga ta.

"Gungunmu ruwa yac ci shi," ta ce wa 'yarta. "Ban zaci abin da yas saura ƙishirwa za ta kashe shi ba, ga ruwa ana kallo."

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Na sauko daga gwafar nan ban san yadda na sauko ba, na bi masunta na yi ta jan jirage har magariba, kuma ban buɗe baki ba ko sau ɗaya, abin da mutanen Yelwa suka ce shi ne aikin injiniya na farko da suka ga na yi.

Ta rataye su a ɗakinta har damina ta wuce. Huɗu suka ruɓe, don ba su ƙosa ba aka tone su. Da kaka ta yi tafki ya dawo har gindin shingena bai nemi shawarar kowa ba. Inna ta dasa bakwai ɗin a bayan ɗakinta, ta kewaye su da zana. Ni ne mai kawo ruwa, safe da yamma, da ƙwarya a kai, ta tsakiyar ƙauye, mata suna yi mini sannu da aiki da murya mai daɗi. Iyakata bakin zana. In ajiye, Rahamatu ta shiga da shi.

Bakwai ɗin suka yi fure, suka yi iri. Da ya bushe Inna ta murje shi a faifai, bai fi cikin tafi ɗaya ba, ta kasa uku. Kashi ɗaya na Basiru, ɗaya ta aika wa Yohanna. Na ukun ta ƙulle a tsumma, ina zaune a bakin ƙofa ina gyara zama, ta miƙa wa Rahamatu.

"Wanga na gidanku na. Ki aje shi inda maigidan bai sani ba."

Shekara talatin da wani abu ke nan. Kowace kaka Rahamatu takan fito da iri ta yafa, kowace bazara ta mayar da sabo. Gidan nan ni na gina shi, ɗaki uku ne kacal, kuma har yau ban san inda take ajiye shi ba.